Kibiyar da Ta Iso a Gajiye

Ni kaɗai ce yarinya a gidan da na tashi. Mahaifiyata ta rasu ba a ko yaye ni ba, mahaifina kuwa bafataken shanu ne, rabin shekararsa a hanyar kudu take ƙarewa. Don haka aka miƙa ni hannun kakata ta wajen uwa, a wani ɗan ƙauye da ke bayan Dosara, cikin ƙasar Maradun. Inno ake ce mata, yaro da babba. Gidanta shi ne na ƙarshe a gari: daga dangarmu sai gonaki, daga gonaki sai daji. Ban da ni da ita, akwai autanta Kawu Iro da matarsa Inna Ai, kuma a lokacin Allah bai ba su haihuwa ba tukuna.

In farin wata ya fito nakan jiyo 'yan mata suna gaɗa a dandali, tafinsu na zuwa yana ɗaukewa yadda iska ta ga dama. Inno ba ta barina in je. Yau ta ce nisa, gobe ta ce macizai a hanya. Sai da na girma na gane 'ya mace ɗaya ta haifa, ta kuma rasa ta, ba ta son ta sake zama tana jiran dawowar kowa.

Sana'arta daddawa ce. Kalwa ba ta nuna da gaggawa. Tun la'asar ake ɗora babbar tukunya, a yi ta tura ice ana ƙara ruwa, kuma dole wani ya zauna ya tsare wutar. Wannan zaman shi ne dandalina. Da mun yi magariba mun ci tuwo, sai ta jawo tsohuwar tabarmar kaba gefen murhu, ta miƙe ƙafafunta masu kaushi wajen wuta, ta binne mini 'yar gujiya ko dankali a cikin toka mai zafi. Warin kalwa ya kama zanenta, ya kama kitsona. Har yau in na wuce masu daddawa a kasuwar Talata Mafara sai na rage tafiya.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Sai ta ture ice da ƙafa, ta karkata kai kamar mai sauraron sallama, ta ce, "Ƙawata, ga wata baƙuwa ta taso daga nisa. Mu ba ta wuri?"

In ce, "Mu ba ta wuri, Inno."

Sai ta gusa kaɗan a kan tabarma, ta bar fili tsakanina da ita, sannan ta fara.

Tatsuniyoyinta da yawa na maharba ne. Ubanta maharbi ne, mijinta ma, wato kakana da ban riska ba, maharbi ne. Bakansa na rataye a ɗakin Kawu Iro tare da kwarin kibau, an kuma yi mini kashedi kada hannuna ya kai wurin saboda dafin da ke bakinsu. Wadda ta fi maimaita mini, wadda kuma na fi ƙi a lokacin, ita ce ta Nomau da gwanki.

Wai a wani gari na bakin gulbi an yi wani maharbi mai suna Nomau. Allah ya ba shi ƙarfin damtse da kaifin ido. Yakan tsaya a wannan gaɓa ya harbo ɗan kuka a waccan, yara su yi iyo su je su ɗauko. Gari ya ɗauka. In ya shigo kasuwa sai a riƙa nuna shi, ana ga mai harbin ƙetaren gulbi. Sauran maharba kuwa sai sun ɗaura burtu a goshi, wato kan tsuntsun nan da suke yaudarar dabba da shi, su durƙusa su yi ta rarrafe cikin ƙaya kafin su kai kusa da abin harbi. Nomau ya riƙa yi musu dariya, yana cewa shi gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa sai a salla.

Sarkin bakan garin, wani tsoho mai ido ɗaya, ya sa aka kira shi. In Inno ta zo nan sai ta runtse ido ɗaya, ta kaurara murya.

"Nomau, ɗan kuka ba ya taku, dabba tana taku. Daga sa'ad da ka saki tsirkiya har kibiya ta isa, in wurin da nisa, ƙuda na iya cizonta ta gusa. Kada ka saki sai ka ga haƙarƙarinta shina tashi shina sauka. In ba ka ga numhwashinta ba, ba taka ce ba. Ka bar ma Allah abinai."

Nomau ya ce ya ji, ya yi godiya, ya ci gaba da abin da ya saba.

Sai aka yi shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya bushe a tsaye. A cikin wannan yunwa matar Nomau ta haifi ɗansu na fari, babu ko akuya a gidan da za a yanka ran suna. Inno ba ta taɓa tsallake wannan wuri ba. Takan dafa gwiwata ta ce, "Ki riƙe wanga, ƙawata. Ba wasa ta kai shi daji ba. Maijego tana kwance ba romo."

Ya ɗauki baka ya shiga daji. Ya yi ta yawo bai ga ko zomo ba, sai da suna ya matso sannan ya hango garken gwankaye a ƙetaren wata busasshiyar fadama, fili fetal, babu ciyawar da za ta ɓoye mutum. Gwanki babbar dabba ce, ya kusa doki, da ƙaho lanƙwashe ta baya. Guda ɗaya ya isa suna har a kai wa maƙwabta. In Nomau zai matsa kusa, sai ya zagaye fadamar da rarrafe, iska kuwa ta fara juyawa, ba da jimawa ba za ta kai musu warinsa. Ya dubi nisan, ya ga bai fi faɗin gulbin garinsu ba. Ya zaɓi wani babba da ke gefe, ya auna bayan kafaɗarsa, ya yi bisimilla, ya saki.

Harbin bai karkace ba. Wannan ma Inno takan nanata shi: inda ya auna, nan kibiya ta je. Amma gwankin ya ga wani ɗanyen tsiro a gabansa, ya yi taku. Kibiya ta iso a gajiye, ta same shi a cinya, ta shiga kaɗan ta maƙale. Dafin da ya shiga jikinsa bai isa ya kashe shi ba, bai kuma yi ƙarancin da zai bar shi ya warke ba. Garke ya watse, shi kuma ya bi su da ɗingishi.

Dokar maharba ita ce wanda ya zubar da jini shi ke bin sa har inda ya tsaya. Ba a komawa gida a bar kibiya a jikin mai rai. Nomau ya bi sawu. Ya ga inda garken suka tsaya suka juyo wa ɗan'uwansu ƙaho, domin warin jini na jawo kura, daga nan sawun ya zama na dabba ɗaya. Ya ga inda gwankin ya kwanta ya yi ta birgima don ya fitar da abin da ke cinsa, kyauron kibiyar ya karye, ƙarfen ya zauna a ciki. Ya ga inda ya je bakin wani kududdufi zai sha ruwa, ƙafar ta kasa ɗaukarsa, ya zame ya faɗa cikin laka. Rana ta faɗi, ta fito, ta sake faɗuwa. Ranar sunan ɗansa ta same shi a dajin da bai taɓa takawa ba, yana tsotsar 'ya'yan aduwa, ba kowa sai shi da ɗigon jini a kan ganye.

A nan nakan ja gefen zanenta in ce, "Inno, ki sa ya same shi da wuri."

Ta ce, "Ba ni na harbe shi ba, ƙawata."

Ungulaye suka nuna masa wurin. Gwankin na kwance a gindin wani marke, cinyar ta kumbura ta yi baƙi, ƙudaje sun rufe ta, amma idonsa a buɗe. Nomau ya zare wuƙa ya matso, ya durƙusa. Sai dabbar ta ɗago kai ta yi magana.

Muryar gwankin ita ce abin da ban manta ba. Inno ba ta sa masa kuka ko fushi. Murya takan yi ƙasa ƙasa, irin ta marar lafiyar da ya gaji da jinya.

"Kai wane ne?"

"Ni na harbe ka."

"Ashe kai ne. Tun rannan nike tambaya. Na tambayi iska, ta ce ba ta kawo warin kowa ba. Na tambayi 'yan'uwana, sunka ce ba su ga kowa ba, sunka kore ni. Zaki ya kashe uwata. Ta gan shi, ta yi gudu iyakar ƙarhinta, ya hi ta gudu. Maharbi ya kashe wana. Ya yi rarrahe har ya ji numhwashinai, kahin ya san mi ake ciki an gama. Ni ban san abin da ya same ni ba. Da ka matso, ko in tsira ko in mutu. Kai ka hana ni duka biyun."

Nomau ya tallafo kan gwankin. Ya zuba masa sauran ruwan gorarsa a baki, ya yanka shi. Da ya fara fiɗa ya tarar naman ya riga ya lalace, babu tsokar da za a kai wa maijego. Ya ciro ƙarfen kibiyarsa, ya juya.

Ya iso gida an yi suna an watse. Maƙwabta ne suka haɗu suka samo 'yar tunkiya, wan matarsa ya raɗa wa yaron suna. Matar ta yi kuka har nononta ya kusa ƙafewa, don ta ɗauka daji ya cinye shi. Da ta gan shi ba ta ce komai ba sai sannu da dawowa. Ya je gaban sarkin baka ya ajiye ƙarfen. Tsohon bai yi masa faɗa ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko burtu ya miƙa masa.

Daga nan gwiwoyin Nomau suka yi kanta kamar na kowane maharbi. Sau da yawa yakan dawo hannu wofi. 'Yan kasuwa suka daina nuna shi, yara suka manta da ɗan kukan ƙetare. A haka ya tsufa.

Sai Inno ta koma inda take a kan tabarma, ta rufe filin da ta bari, ta ce, "To, baƙuwa ta huta, ta ɗau sandarta. Tono gujiyarki kada ta ƙone."

Ni kuwa ba na yarda. Sauran tatsuniyoyinta ana ƙarewa da sarauta ko dukiya, ko a ga mugu ya faɗa rami. Wannan ba ta ba kowa komai.

"Shi ke nan? Ba a naɗa shi sarkin baka ba?"

"Ba a naɗa shi komi ba."

"To ai da ya matsa da gwankin ya gudu."

"Shi gudu mana. Don mi Allah ya ba shi ƙahwa huɗu?"

"Maijego fa?"

Ta buɗe tukunya, ta ɗebo kalwa da ludayi, ta latsa guda tsakanin yatsu ta ga ko ta yi laushi. Sannan ta ce, "Maijego ta sha kunu. Da ya harba da bai harba ba, ai kunun ta sha."

A zamanina gwanki ya riga ya zama labari. Ko barewa sai an yi nisa, can gaba da Gidan Goga. Mafi yawan masu shiga daji sun koma bindigar toka, amma Kawu Iro ya riƙe bakan ubansa, yana cewa ƙarar bindiga na korar dajin gaba ɗaya. Dogo ne, marar yawan magana, irin mutanen da za su shigo gida ba ka ji takunsu ba. Da damina manomi ne, sai an kai amfani gida yake sauko da kwari.

Na kai 'yar talla lokacin da Allah ya ba Inna Ai ciki, bayan ta daɗe tana jira. Cikin ya zo mata da kwaɗayin nama, ga shi bazara ce, rumbu ya yi ƙasa, miyarmu kullum kuka ce da daddawa. Kawu ya ɗauki gora da baka ya fita. Ya yi 'yan kwanaki, ya dawo wata rana da la'asar, leɓɓansa sun tsage, ƙaya ta yayyage masa wando. Ba komai a kafaɗarsa, kibau kuwa suna nan cike da kwari.

Inna Ai ta kawo masa ruwa, ta jira ya sha, sannan ta ce, "Sannu da hanya, Malam. Ba a dace ba?"

"Na ga barewa."

"Ka gan ta?"

"Na gan ta. Tun hantsi nike bin ta. Duk sa'ad da na matso sai ta ƙara gaba. Daga baya ta tsaya a hili tana kallona, amma da nisa."

"Kibiya ba ta kaiwa?"

"Tana kaiwa."

"To?"

"Ban tabbata inda za ta same ta ba."

Inna Ai ta ɗauki ƙoƙon ruwan, ta shiga ɗaki, ta saki asabari. Na jiyo kukanta, ba mai ƙarfi ba. Ni ma haushinsa na ji, don na kwana biyu ina ƙiyasta romo a raina. Na dubi Inno ina zaton za ta yaba masa, tun da abin da tatsuniyarta ke koyarwa ya yi. Ba ta yaba masa ba, ba ta ko dube shi ba. Ta tashi ta kama kazarta, guda ɗaya tak da ke yi mana ƙwai, ta miƙa masa ta ce ya yanka wa matarsa. Ta dafa da kanta, ta sa ni na kai ɗaki. Ni aka ba wuya da ƙafafu.

Da muka zauna gefen murhu ran nan na jira ta karkata kai, ba ta karkata ba. Na ce, "Inno, yau baƙuwa ba ta zo ba?"

Ta ce, "Ta zo da la'asar. Ba ki gan ta ba?"

Inna Ai ta sauka lafiya, namiji, wasu kuma suka biyo baya. Gidan ya cika da hayaniyar yara daidai lokacin da ni na kusa barinsa. Aure ya kawo ni Talata Mafara, gidan mahauta. Inno ta rasu da wata damina, gulbi ya cika ya hana mu wucewa, na isa an riga an kai ta. Na daɗe ina jin zafin wannan, amma yanzu ina yi mata murna, domin ba ta ga abin da ya biyo baya ba.

'Yan bindiga suka fara da shanu, suka koma kan mutane. Ƙauyenmu ya riƙa zubewa gida gida: wasu Maradun, wasu Bakura, wasu nan wurinmu. Kawu Iro ya kai Inna Ai da yara wurin danginta a Bakura, amma geronsa na tsaye a gona ya nuna, kuma ba su da wani abincin sai shi. Ya koma girbi shi kaɗai. Yana cikin aiki babura suka wuce ta hanyar da ke can gefen gonaki, wani daga cikinsu ya yi harbi. Ba su tsaya ba, ba su ɗauki komai ba. Harsashi ya same shi a ƙasan ciki. Ya ja jiki har bakin hanya, inda wani mai kabu-kabu ya tsince shi ya kawo shi asibiti a nan garin.

Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Ni na zauna da shi kafin Inna Ai ta iso, ina jiƙa masa leɓe da auduga, don an hana shi shan ruwa. Wata safiya zazzaɓin ya ɗan sake shi, na ce, "Kawu, ka gane su?"

Ya girgiza kai. "Ban ga huskar kowa ba, Luba. Ƙarar babura dai na ji. Ina jin shi ma mai harbin bai ga tawa ba." Ya maida numfashi. "Halan ma bai san ya samu ba."

Ba da fushi ya faɗa ba. Ya faɗe shi ne kamar mai duba aikin da wani ya yi ba da kyau ba. Ya jima yana jinya, fiye da yadda nake iya ba da labari, sannan Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an share makoki wani tsoho ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Baba Ɗanjuma ne, maharbi daga Bakura, wanda ya yi yawon daji da kakana a ƙarshen rayuwarsa, shi kuma ya ƙarasa koya wa Kawu harbi. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na durƙusa daga gefe.

"Ina wuni, Baba. An zo lafiya? Ya hanya?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Ya gida, ya maigidan, ya yara? Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya."

"Allah shi jiƙan Iro, shi sa ya huta. Allah shi raya abin da ya bari."

"Amin, Baba. Allah ya ba da lada."

Ya sha ruwa, ya ajiye kofin, ya jima yana murza gemu. Sannan ya ce, "Na je gonar, tun washegarin da abin ya hwaru."

Na ce, "Baba, cikin wannan hali?"

"Ba ta hanya na bi ba. Ta cikin dawa na ratsa, da sassahe."

Ya ba ni labarin abin da ya gani, dalla-dalla, yadda maharbi ke karanta ƙasa. Ga inda Kawu ya faɗi, magirbinsa na nan yashe. Ga inda ya yage rigarsa ya ɗaure ciki. Daga nan ya bi kunyar gona ɗaya yana jan jiki da gwiwar hannu, bai karkace ba, hanya ya nufa. A tsakiya akwai wani gawo, ya tsaya a gindinsa. Baba ya ce a wurin ya ga shaidar tafin hannu biyu a kan ƙasa mai tsabta, gefe da inda jinin yake.

"Taimama ce, Luba. Ya yi salla a nan kahin ya ci gaba. Na ce ya kamata wani nashi ya sani."

Ya ce duk inda ya ga jini ya tura ƙasa ya rufe, tun daga gonar har bakin hanya. Na kasa ɗaga kai. Daga baya na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina. Na ce, "Baba, daga ina aka harbe shi?"

"Na je har wurin. Kwanson harsashin na nan bisa hanya. Na tsaya inda ya yi harbin, na waiwaya na dubi gonar." Ya girgiza kai. "Idona bai mutu ba tukuna, ɗiyata. Daga wurin nan ba a gane mutum ne ko kututture."

Na ce ya jira a sauke abinci. Ya ce a'a, yana son ya shiga Bakura kafin la'asar, hanya ba ta da tabbas. Na raka shi ƙofa, na tsaya har ya sha kwana.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Nomau ta tausayin dabba ce kawai. Ranar barewar Kawu na ga ashe riƙe hannu ma yana da tsada, kuma ba mai riƙewar kaɗai ke ɗanɗana ba: mai ciki ta yi kuka, tsohuwa ta rasa kazarta. Inno ta san haka, shi ya sa ba ta taɓa ba Nomau sarauta ba. Maigidana yana yanka kullum, amma hannunsa na kan wuyan dabba lokacin da yake yi, yana jin ɗuminta, kuma ban taɓa ganin ya yi wasa da wuƙa ba. Ina jin abin da tsohon nan mai ido ɗaya yake nufi ke nan: in har za ka ɗauki rai, ka je inda za ka ga abin da kake ɗauka, in ba za ka iya zuwa ba, ka bari.

Ba na cewa da wanda ya harbi Kawu ya matso kusa da laifinsa ya ragu. Kawu ba naman daji ba ne, kuma ba yunwar maijego ta sa aka harbe shi ba. Amma abin da na kasa haɗiyewa shi ne, a wani wuri akwai mutumin da ke cin abinci yana barci, bai san fuskar Kawu ba, bai san sunansa ba, bai san akwai Inna Ai da yara a Bakura ba. Nisa ya ɗauke masa duk wannan, ya ɗora mana.

In na idar da salla nakan yi wa Inno addu'a, in yi wa mahaifiyata da ban sani ba, in yi wa Kawu. Wani lokaci sai in ji bakina ya kai kan wancan mutumin. Ba mutuwa nake roƙa masa ba, ban kuma kai ga roƙa masa gafara ba. Abin da nake cewa shi ne, Allah ya kawo shi kusa tun yana duniya, ya durƙusar da shi gaban abin da ya yi, ya gani da idonsa. Ban sani ba ko wannan addu'ar alheri ce ko ta sharri. Na tambayi maigidana, ya daɗe yana tunani, ya ce shi ma bai sani ba.